Falmaran ɗin Surukina

Ban taɓa mantawa da ranar da Yagana, matata, ta tako har ƙofar shagon nan da baƙar leda a hannu ba. Ku da kuka zo daga baya ba ku taɓa ganinta a nan ba, don ba ta zuwa. Da na ɗaga kai daga teburin yanka na gan ta tsaye, sai na ajiye almakashi. Damina ce, an ɗan jima da yin babbar Sallah, aiki ya lafa, kowa na hamma a kan kekensa. Ku ajiye wayoyin nan ku ji, don ba kullum nake ba da labarin nan ba.

A lokacin, kamar yanzu, aikin shagon kashi-kashi ne. Maigida, Alhaji Sule, shi ke karɓar aiki ya yi magana da mai kaya. Ni ke ɗaukar awo in yi yanka. Sai masu haɗawa a kan keke, sai mai sa maɓalli da guga. In riga ta yi kyau, shago ake yabo. In ta ɓaci, ni ake nema.

Falmaran kuwa ba kamar sauran kaya ba ce. Babbar riga in ka yi kuskure, yalwar yadi ta rufa maka asiri. Kaftani ma yana yafiya. Ita wannan ba hannu, ba yalwa, a kan kafaɗa take zaune, ta bi ƙirji ta sauka ciki. In kafaɗa ta zarce da faɗin yatsa, daga tsallaken titi za a gani. Shi ya sa ba na yanka ta sai mai ita ya zo sanye da kaftanin da zai ɗora ta a kai. In auna shi a tsaye, in sa ya zauna in sake aunawa, don cikin mutum a zaune daban ne. Sannan a zo kan launi da tsawo: mai jiki a ba shi mai duhu, siriri a ba shi mai haske, gajere kada a yi masa doguwa ta haɗiye shi. Wannan ita ce ƙa'idata, kuma na sha mayar da masu hannu da shuni gida a kanta, suna fushi ina fushi.

Abin da ke cikin ledar Yagana tsohuwar falmaran ce, ta mahaifinta. Sunansa ba zan faɗa ba, har yau bakina bai iya ba, Baba nake ce masa. Iyayensa daga wajen Yobe suka zo, shi a nan Azare aka haife shi, a kara ya tashi. Kara, ga wanda bai sani ba, ita ce kasuwar shanu. Shi ne shugaban dillalai. In mai saye da mai saniya suka saɓa, gabansa ake zuwa, abin da ya yanke kuma ya zauna. Ƙaƙƙarfan mutum ne, kafaɗa kamar ƙofar zaure, in ya yi dariya daga ƙarshen kara ana ji. Duk kasuwa an san shi da falmaran a kan kaftani, rani da damina. Cewa yake babbar riga ta masu zaman ɗaurin aure ce, a kara ƙaho zai kama ta, kashin shanu ya ɓata ta.

To, tun bayan Sallah bai leƙa kara ba. A gida ana cewa zazzaɓi ne. Sai surutu ya tashi. Wani babban dillali, Alhaji Manu, ya shiga bin mutane yana cewa Shugaba ya ƙare, ya kamata a tausaya masa a hutar da shi, a ɗora wani. Har an sa taron dillalai ranar kasuwa ta sama.

Yagana ta miƙo mini ledar, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baba ya ce a ɗinka masa sabuwa irin wannan, da ita zai je taron. Ya ce da ƙafarsa zai tsaya gabansu. Ba zai yarda a kewaye shi ana sannu, sannu, kamar an zo gaisuwar mutuwa ba."

Na ce, "Ya jikin nasa?"

Ta ce, "Ya ɗan faɗa. Kullum na je yana zaune a ɗaki da bargo a kafaɗa, wai sanyin damina."

Ga inda gizo ke saƙar. Ni surukinsa ne. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gaisuwa, daga ƙofar zaure nake tuɓe takalmi in durƙusa, in gama in fita da baya. Mutumin da ba na iya kallon fuskarsa, shi zan ce wa ɗaga hannu in zagaya ƙirjinka da tef? Haba! Shi ma kunyar ce ta sa ya aiko da tsohuwar riga. Haka manya ke yi a garin nan, a aiko da wadda aka saba sawa, a yanka a kanta.

Na kai wa Maigida. Ya juya ta, ya duba, ya ce, "Haladu, me kake jira? Shimfiɗa ka yanka. Ko za ka je ka auna shi ne?" Duk shago aka fashe da dariya, har mai guga yana riƙe ciki.

Na yanka. Yadin kwat na zaɓa, baƙi mai nauyi, irin wanda ya saba. Na sa shafi mai kyau, na yi manyan aljihuna biyu ta ciki yadda dillalai ke so. Ni da kaina na hau keke, ban ba kowa ba. Aka goge, aka naɗe, Yagana ta kai.

Washegari ta dawo da ita.

Na ce, "Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya shiga da ita ɗaki, ya jima, ya fito ya ce in mayar maka."

Wallahi da zagi ya aiko da ya fi mini sauƙi. Na baje rigar a tebur, na ɗora tsohuwar a kai, daidai suke kamar an tsaga kara. Maigida ya sa tabarau ya bi ɗinkin layi-layi bai ga aibu ba. Na zauna, na tashi, na fita bakin titi, na dawo. Aka kawo mini yadin wani ango in yanka, na riƙe almakashi na kasa. Da yamma na ce ba zan iya ba, na hau babur na nufi unguwarsu da sunan gaisuwa.

Na tarar yana fitowa zai tafi masallacin ƙofar gida. Ban kalli fuskarsa ba, amma tela ai ba fuska yake kallo ba. Wuyan kaftaninsa na gani, ya yi masa yawa har kana iya zura hannu. Ɗinkin kafaɗa ya zubo har damtse. Agogonsa yana yawo a tsintsiyar hannu. Innalillahi! Mutumin da na yanka wa riga ba shi ne wannan ba. Wato ya shiga ɗaki ya sa baƙar falmaran ɗin nan, ta rataye a jikinsa kamar an shanya ta a kan ƙusa, ya ga abin da dillalai za su gani. Da ita gara ya je da kaftani kawai. Babbar riga kuwa, da za ta rufe komai, ranar da ya sa ta a kara, ranar kowa zai ce akwai abin da yake ɓoyewa.

Sai wata dabara ta zo mini, kada ku yi dariya. A sahun sallah ai kafaɗa na taɓa kafaɗa, kuma ba suruki a sahu. Na bi shi masallaci, na kutsa na tsaya a gefensa. Da liman ya ce a daidaita sahu, na matsa. Abin da na ji a damtsena ƙashi ne zalla. Na ƙiyasta faɗin kafaɗar da tawa, na riƙe a kai. Sallar kuwa Allah ya yafe mini, da na koma gida sai da na sake ta. Kuma duk wahalar banza, don kafaɗa kaɗai na samu. Ƙirji fa? Ciki fa? Waɗannan ba a ƙiyasta su da ido a cikin kaftani mai yalwa.

Da safe na ja Maigida gefe na ce masa awon ya canza, ban ƙara komai ba. Ya ce, "To ni in je in auna shi mana. Ni ba surukinsa ba ne." Aka aika. Amsa ta dawo a taƙaice: an gode, kada Alhaji Sule ya wahalar da kansa. Na gane dalili. Shagonmu bango ɗaya ne da mai shayin da dillalai ke zama. Baba na tsoron kafin tef ya koma aljihu, awon ƙirjinsa ya isa kunnen Alhaji Manu.

Kwanaki na tafiya, ranar kasuwa na matsowa, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauko baƙar rigar in rage ta da ka, na fasa. Na sake ɗaukowa, na farke gefe ɗaya, na tsaya. Abinci ba ya shiga. Na yi wa mai sa maɓalli tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har Maigida ya ce, "Haladu, in aljanu ne suka taso a kira malam." A wajen mai shayi kuma ina jin su ta taga, wani na cewa ai an ce Shugaba ko tashi ba ya iyawa, wani na cewa Allah sarki, duniya ke nan. Kowace Allah sarki kamar a kaina ake sauke ta.

Ana jibi taro, bayan azahar, Yagana ta bugo waya ta ce Baba na nemana. Na je. Wannan karon ba a zaure aka tsayar da ni ba, har ɗakinsa aka kai ni, inda ban taɓa taka ƙafa ba. Ya sallami kowa, ya ce in tura ƙofa. Na durƙusa ina ta jero gaisuwa, ya katse ni.

"Malam Haladu, ka zo da tef ɗinka?"

Na ce, "Yana aljihu, Baba."

"To tashi. Yau ba suruki na kira ba, tela na kira."

Ya dafa bango ya miƙe, ya ajiye bargon, ya buɗe hannuwa. Na tashi. Na ɗora tef a kafaɗa. Na zagaya ƙirji, yatsuna na bin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Da na sauko ciki sai tef ɗin ya ƙi haɗuwa inda nake zato. Cikin ya kumbura, gefen dama ya yi tauri kamar dutse. Hannuna ya tsaya a wurin.

Ya ce, "Ci gaba. Likitoci sun riga ka aunawa. Hanta ce, kuma sun gaya mini gaskiya, na gode musu."

Hawaye suka cika mini ido, na kasa ganin lambar da ke jikin tef. Ya ce, "Kai, kada ka jiƙa mini kaftani. Ba a zaune kake auna mutane ba kuma? An ce haka kake yi." Ya zauna a bakin gado, na sake aunawa.

Da na gama ya ce, "Yagana ba ta sani ba, uwarta ma ba ta san iyakar abin ba. Ni zan gaya musu da bakina bayan taro. Kafin nan, abin da tef ɗinka ya ji ya tsaya a tef ɗinka. Abu ɗaya nake so: in shiga kara su ga Shugaba. Za ka iya?"

Na ce, "Da yardar Allah, Baba."

Ban rubuta awon a ko'ina ba. Daga can kasuwa na wuce, na bar maganar baƙi, don baƙi ƙara wa ramamme rama yake. Na ɗauki ruwan toka mai haske, mai ɗan kauri, wanda ke tsayawa da kansa ba ya manne wa jiki. Na dawo na shimfiɗa, na zana da alli. Maigida ya zo ya tsaya a kaina. Shekarunsa nawa yana wannan aiki, kallo ɗaya ya yi wa zanen, ƙirji ya tsuke, ciki ya buɗe, ya gane. Ya juya ya aiki masu keke kai kayan mutane, wani garin Gadau, wani cikin gari, ya ja labulen ƙofa, ya zauna a bakin shago yana tare masu shigowa da hira.

Ga yadda na yi ta, ku riƙe, wata rana za ta yi muku amfani. Kafaɗa na yanka ta daidai ƙashinsa, sannan na gina ta da auduga siriri-siriri, falle kan falle, ina dannawa da dutsen guga. Soso ban sa ba, don soso tsayawa yake kamar an ɗora wa mutum bulo, yaro ma ya gane. Ƙirji na yi masa shafi biyu, na cusa audugar tsakani, ta fi yawa a sama tana raguwa zuwa ƙasa. Wuya na ɗaga shi sama da yadda aka saba, ya rufe ramin da ke gindin maƙogwaro. Ramin hammata na tsuke shi kada ya yi hamma in ya ɗaga hannu. Daga ƙirji zuwa ƙasa na sake ta, ta sauko a miƙe, yadda cikin zai ɓace a ciki, kuma ba abin da zai matse gefen dama. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na koma keken ƙafa. Na kuma aika a gaya wa Yagana a sa wa farar shaddarsa sitati sosai, hannun kaftanin ya tsaya. Washegari na gama falmaran, aka kai masa.

A gida ranar nan na sha tambaya. Yagana ta ce, "Me Baba ya ce maka a ɗaki?" Na ce maganar riga ce. Ta ce, "Maganar riga ce ta sa idonka ya yi ja?" Na ce ƙurar auduga ce. Ta dube ni, ta tashi ta bar mini wurin. Ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba.

Ranar kasuwa na roƙi Maigida izini, na tafi kara, na raɓe a bayan wata motar shanu. An yi ruwa da asuba, wuri ya caɓe, rana kuma ta fito da zafinta. Dillalai sun cika rumfa, Alhaji Manu na tsakiya yana ta kai da kawo. Sai ga motar da ta ɗauko Baba. Bai bari ta matso ba, tun daga bakin hanya ya sauka, ya tako da ƙafa cikin taɓo, sandarsa a hannu, hula a karkace yadda ya saba. Ni kafaɗar kawai nake kallo. Ta zauna. Wallahi ta zauna.

Nan take rumfa ta ɓarke. "Shugaba! Ashe ka murmure!" "Kai, wa ya ce mutumin nan ba ya tashi?" Ya bi su yana ba da hannu, ya tsaya ya dafa wani bijimi ya faɗi aibunsa, mai shi ya yi dariya ya ce gaskiya ne. Da ya iso gaban Alhaji Manu ya ce, "Manu, na ji an ce kana neman mai wanka da mai haƙa kabari. Ka samu, ko in taya ka nema?" Aka kwashe da dariya, Alhaji Manu ya rasa inda zai sa fuskarsa.

An kawo masa kujera, ya ture ta da ƙafa. A tsaye ya yi magana. Ni kaɗai na ga yadda ya danne sandar nan har jijiyoyin hannunsa suka fito. Ya ce ya gode da shekarun da suka ba shi, ya ce ya ga yara sun taso, shi kuma yana so ya huta ya fuskanci ibada. Ya ce ya sauka, don kansa, yau. Su zaɓi wanda suke so, in Manu ne ma ya sa albarka, sai dai ya rage gaggawa. Nan wuri ya rikice, masu cewa ba su yarda ba suka fi yawa, har shi Alhaji Manun ya kama hannunsa yana cewa a yi haƙuri a ci gaba. Baba ya ce magana ta ƙare. Ya yi addu'a, aka shafa, ya juya. Ba wanda ya ce masa sannu. Allah ya saka da alheri suke ta faɗa, suna rakiyarsa har bakin hanya.

Da motar ta bar kara ta sha kwana, sai ta tsaya. Direban ya leƙo ya yafito ni, ashe Baba ya gan ni tun ɗazu. Na tarar ya zube a kujerar baya, numfashi sama-sama, gumi ya jiƙe shi sharkaf.

Ya ce, "Cire mini ita, ta yi nauyi."

Na ɓalle maɓallan, na zare ta a hankali. Ya rufe ido, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Bai taɓa kirana haka ba sai ranar.

Ya cika alkawari, da yammacin nan ya tara iyalinsa ya gaya musu. Kafin a yanke gero Allah ya karɓi abinsa. Yagana ta yi fushi da ni, fushi na gaske, ta ce na san ubanta na mutuwa na zauna ina ce mata ƙurar auduga. Ban kare kaina ba, don tana da gaskiya. Sai bayan an yi arba'in ta sauko, ita ce ma ta ce in riƙa ba ku labarin, ku san irin aikin da kuka shigo.

To ga shi na ba ku. Kada wanda ya sake yanka falmaran a kan tsohuwar riga a shagon nan, ko ta wane ne, don wanda ya sa ta bara ba lallai shi ne zai sa ta bana ba. In mutum ya shigo ya ce a ɗan cika masa kafaɗa, ko a sake masa ciki, kada in ga haƙoran kowa a waje. Ba ku san gaban wa zai je ya tsaya ba. Mutane a gabanmu suke ɗaga hannu, mu taɓa inda 'ya'yansu ba su taɓa ba, mu ji abin da matansu ba su ji ba. Ku auna, ku yanka, ku yi shiru.

Yagana ta taɓa tambayata, wai ƙirjin Baba nawa ya koma a ranar nan. Ita ma ban gaya mata ba.